Gigin tsufa: a duba hawan jini tun kafin ƙwaƙwalwa ta motse

Ya Edita,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka. Dan Allah a taimaka a bani fili a shafin wasiƙu, maganar tawa tana da ɗan tsawo amma in ka karanta zaka ga ba ta yankuwa.

Ni ma'aikacin jinya ne a nan Jos, kuma yawancin aikina a ɗakin manya na yi shi, inda ake kwantar da masu hawan jini da suga da shanyewar ɓarin jiki. Abin da yasa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne yadda ake maganar cutar mantuwa a kafafenmu na Hausa. Duk shekara in 21 ga Satumba ta zagayo, ranar da aka ware saboda cutar Alzaima, wato nau'in cutar mantuwa da ya fi yawa, sai kaji an gayyato baƙo a rediyo, a ce mutum sama da miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, a ce ba ta da magani, a ce a riƙa haƙuri da tsofaffi, shikenan sai baɗi kuma. Duk gaskiya ne, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma an bar ɓangaren da ya fi shafarmu, wanda talaka ma zai iya yin wani abu a kai da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, wato lalacewar ƙananan jijiyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini ne babban mai jawo ta, kuma ita ce ke sa ƙwaƙwalwar mutane da yawa motsewa a hankali a hankali tun ana ganinsu garau suna zuwa kasuwa.

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta kilo 1.3 ne zuwa 1.4, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki kenan, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta ajiye na anjima, jini ya tsaya mintuna kaɗan sai ɓarna. Manyan jijiyoyi ne ke hawowa ta wuya su zagaye ta, daga jikinsu wasu 'yan sirara ke ɓallewa su nutsa can ciki, da yawa kaurinsu ko milimita 1 bai kai ba. Duk wanda ya taɓa leƙa lambun rani a bakin kududdufan kuza zai gane abin da nake nufi, injin ya jawo ruwa ta babban tiyo amma abin da ke kai wa kowane fangali ruwa 'yan ƙananan hanyoyi ne, in ɗaya ta cushe da laka fangalin da ke can ƙarshe shi ke fara yaushi don babu wata hanya ta biyu da ruwa zai zagayo masa. Toh haka waɗannan jijiyoyi suke, kowace da yankinta, in ta kasa ba mai kawo ɗauki.

Hawan jini kuwa shekara da shekaru yana dukan bangonsu, bangon ya yi kauri ya sandare, ramin ciki ya tsuke. Suga da sigari da yawan shekaru su ƙara masa ƙarfi. Wata ta toshe gaba ɗaya sai naman da take ciyarwa ya mutu ya bar ɗan rami mai faɗin milimita 3 zuwa 15 cike da ruwa, kuma sau da yawa mai shi bai ma san an yi ba, baki bai karkace ba hannu bai mutu ba, ƙila dai ya ji jiri kwana ɗaya aka ce zazzaɓi ne. Wata bangon ne ke fashewa ta ɗiga jini kaɗan. Mafi yawa dai ba su toshe ba ba su fashe ba, jinin ne ba ya isa yadda ya kamata kuma bangon na tsattsafo da abin da bai kamata ya shiga naman ƙwaƙwalwa ba, wannan shi ke fitowa a hoton MRI, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, kamar fararen tabo a can ciki. Ba sabon ilimi bane fa. Wani likita a Jamus mai suna Otto Binswanger ya bayyana irin wannan gigin tun 1894, shekara 12 kafin Alois Alzheimer ya gabatar da nasa bayanin a 1906, amma sunan na biyun ne ya yi tashe.

Inda nake so mai karatu ya tsaya ya fahimta shi ne yadda ɗan tabon da ke can ciki yake sa ƙwaƙwalwa ta ragu daga waje, don nan ne mutane ke rikicewa har da wasu abokan aikina. Ƙwaƙwalwa tana da ɓawo na waje inda ƙwayoyin tunani suke, sannan ciki akwai farin ɓangare wanda ba komai bane illa zaruruwa masu kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan. Ƙananan jijiyoyin nan farin ɓangaren suka fi ciyarwa. In ya sha wahala shi kansa yana raguwa, sai kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa su buɗe su cike gurbin, shi yasa a hoto zaka ga baƙin tsakiyar ya yi girma fiye da kima. Ba a nan abin ya tsaya ba. In ɗan rami ya faɗo a kan hanyar wasu zaruruwa ya yanke su, ƙwayoyin da ke can ɓawo waɗanda zaruruwan nasu ne sai su fara lalacewa su ma, ko da yake su jini na isa gare su lafiya lau, ɓawon wurin ya sirance cikin watanni ko shekaru. Masu bincike a birnin Munik na Jamus sun nuna wannan a jikin masu wata cutar ƙananan jijiyoyi ta gado da ake kira CADASIL, suka bi mutum da hoto kafin ramin ya fito da bayan ya fito, suka ga ɓawon da ke haɗe da wurin ne takamaimai ya sirance. Wato ɓarnar a ciki take amma asarar har waje. Ƙari a kan haka akwai 'yan mitsi-mitsin mutuwar nama a ɓawon kansa waɗanda MRI na yau da kullum ba ya gani sai an yanka ƙwaƙwalwa bayan mutuwa, kuma dattin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, har da sinadarin amiloyid ɗin da ke taruwa a cutar Alzaima, ta gefen waɗannan jijiyoyin yake bi ya fita, toh in sun sandare masana na ganin kwashe sharar ma yana ja baya.

Shi yasa alamun suka ɗan bambanta. Alzaima galibi wani ɗan yanki take fara ci mai suna hifokamfus, can ta wajen kunne daga ciki, shi ne mai riƙe sabon abu, sai kaga tsohuwa ta tambaye ka yaushe ka zo sau biyar a zama ɗaya amma tafiyarta lafiya. Mai ciwon ƙananan jijiyoyi kuwa tun farko ba mantuwa ce ke gaba ba, nauyi ne. Akwai wani dattijo da aka taɓa kawo mana, dillalin dankali ne, mutumin da a da buhu nawa sau nawa a ka yake bugawa kafin yaronsa ya gama lalubo kalkuleta a waya. Ya san sunan jikokinsa kaf, ya san wanda yake bi bashi tun na shekarun baya, amma na ce Alhaji mutum ya sayi kayan dubu 3 da ɗari 5 ya baka dubu 5 nawa ne canjinsa, sai ya yi shiru yana kallon bango, can da na zaci ya manta tambayar sai ya bada amsa, kuma daidai. Tafiyarsa na fi lura da ita, ƙafa a ware, taku ƙanana, tafin ba ya rabuwa da ƙasa sosai, in zai juya sai ya yi taku huɗu biyar yana dafa bango, a bakin ƙofa kuma ya tsaya cak sai an ce Alhaji bismillah. Uwargidansa ce ta bani sauran labarin, ta ce "Likita, Alhaji fa ya zama miskili, ba ya magana ba ya dariya, masallacin da ke ƙofar gida ma ya daina zuwa, yara sun ɗauka fushi yake da liman." Ashe fitsari ne ke kufce masa kafin ya kai bayi, kunya ta sa ya zaɓi zaman ɗaki. Na auna jini, lambar sama ta awon ta haura 190. Na ce Hajiya an taɓa ce masa yana da hawan jini? Ta ce "an faɗa tun yaran nan na firamare, ya sha magani ya warke." Yaran da take faɗa su ne suka kawo shi a motarsu, kowa da iyalinsa.

Wannan "ya sha magani ya warke" ɗin, Edita, in da ana tara kalmomin da suka fi cika mana gadaje da ita ce ta ɗaya.

Amma kada kuma a tsorata mutane, don akwai ɗaya gefen. Yanzu da wuraren ɗaukar hoto suka yawaita, mutum ya yi ciwon kai kwana uku sai a tura shi sikanin, a miƙo masa ambulan da takarda cikin turancin likitoci babu mai yi masa bayani, ya shiga intanet ya fassara. Wani matashi ya tare ni a baranda ido ya yi ja, ya ce "Yallaɓai an rubuta wai ƙwaƙwalwar Mama ta ƙanƙance, shikenan ko?" Mamar tana zaune a benci tana yi wa wata mata lissafin zubin adashe, ita ce uwar adashen unguwarsu, ta kusa 80 kuma ko sisi ba ya ɓace mata. Kowa ƙwaƙwalwarsa na raguwa in ya manyanta, daga shekara 40 zuwa sama ana ƙiyasta kusan kashi 5 cikin 100 a kowace shekara 10. Fararen tabon ma haka, a wani bincike da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan kan 'yan shekara 60 zuwa 90, sama da kashi 90 an samu suna da su ko yaya ne. Likitocin hoto suna da ma'auni da Franz Fazekas ya fitar a 1987, daga 0 zuwa 3, ɗigo-ɗigo nan da can shi ne 1, in sun fara haɗewa 2, in sun zama shimfiɗa guda 3. Na 1 a jikin ɗan shekara 75 ba abin tada hankali bane. Na 2 ko 3 a jikin ɗan shekara 55 kuwa magana ce babba ko da yana tuƙa motarsa da kansa. Ba hoto ake yi wa magani ba, mutum ake dubawa, a tambayi iyalinsa abin da ya canja, a gwada tunaninsa, a sa shi ya yi tafiya a gani.

Wani zai ce toh in Alzaima ce ta fi yawa, kashi 60 zuwa 70 inji Hukumar Lafiya ta Duniya, meye na damuwa da wannan? Ai ba a nan gizo ke saƙar ba, su biyun ba kishiyoyi bane, a kai ɗaya suke zama. In aka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin da suka rasu da gigi, mafi yawa gauraye ake samu. Akwai wani bincike a Amurka da ya fi kowanne burge ni, wanda David Snowdon ya jagoranta kan mata 'yan zuhudu na cocin Katolika su 678 da suka yarda a riƙa gwada tunaninsu kowace shekara kuma a duba ƙwaƙwalwarsu bayan sun mutu. A rahoton 1997, cikin waɗanda aka samu ƙwaƙwalwarsu da cikakkun alamun Alzaima amma babu mutuwar nama ta jijiya, kashi 57 ne suka yi gigi suna raye, sauran sun mutu da hankalinsu. Waɗanda kuwa ke da Alzaima ɗin sannan ga ɗan rami ɗaya ko biyu a can ciki, kashi 93 ne suka yi gigi. Kaga kenan ko mutum Allah ya ƙaddara masa Alzaima, lafiyar ƙananan jijiyoyinsa na iya zama abin da zai raba tsakanin ya rasu yana gane 'ya'yansa da ya rasu bai san ɗakinsa ba.

Mu dawo gida. A 1992 aka fara wani bincike da ya kwatanta Yarbawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, 'yan shekara 65 zuwa sama, marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi na cikin waɗanda suka riƙe shi ta ɓangaren Najeriya. Da gwaji iri ɗaya aka samu masu cutar mantuwa kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, kashi 8.24 a can. Cikin dalilan da masu binciken suka yi nuni da su har da cewa tsofaffin Ibadan na lokacin ba su kai na can hawan jini da suga da kitse a jini ba. Wasu na ɗaukar wannan su ce kun gani cutar Turai ce. Ni kuwa gargaɗi nake gani a ciki, don waɗancan tsofaffi a ƙafa suka yi rayuwarsu ba a kan acaɓa ba, ba su tashi da lemon kwalba da taliyar leda ba, mu kuwa fa? A nan Jos wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 2006 kan tsofaffi 280 ya samu kashi 6.4, duk da dai hanyar gwajin ba ɗaya bace da ta Ibadan. Sannan babban binciken shanyewar jiki na SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ke ciki, ya nuna a 2018 cewa hawan jini na da hannu a kusan 9 cikin 10 na shanyewar jiki a yankinmu, kuma cikin masu toshewar jijiya, toshewar ƙananan ce ta fi yawa. Ga shi kusan 1 cikin 3 na manyan Najeriya na da hawan jini, da yawa ba su sani ba. Haɗa waɗannan ka ga abin da ke jiranmu nan da shekara 20.

Shin sauke jinin na hana abin? A nan zan faɗi gaskiya yadda take ba ƙari. A Amurka an yi gwajin SPRINT kan mutum 9,361, rabi aka sauke musu na sama ƙasa da 120 rabi ƙasa da 140. Sakamakon 2019 ya nuna rukunin farko sun samu raguwar kashi 19 na fara raunin tunani, kuma fararen tabonsu bai ƙaru kamar na ɗaya rukunin ba. Sai dai abin mamaki a hoton girman ƙwaƙwalwarsu ya ɗan fi raguwa kaɗan, abin da har yanzu masana ke muhawara a kai, wannan ma ya ƙara nuna cewa girma kaɗai ba shi ne hukunci ba, yadda mutum ke tunani da tafiya shi ne abin dubawa. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na ƙauyukan Chaina da aka wallafa a 2025, ƙauyuka 326, mutum kusan 34,000, kuma ba manyan likitoci ne suka yi aikin ba, ma'aikatan lafiya na ƙauye ne aka horar aka basu magani mai sauƙin kuɗi da ƙa'idar ƙara shi har jini ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Cikin shekara 4 cutar mantuwa ta ragu da kashi 15 in aka kwatanta da ƙauyukan da aka bari yadda aka saba. Irin waɗannan ma'aikata muna da su a kowace ƙaramar asibitin unguwa daga Gangare har Bukuru. Maganin da ya fi yi wa baƙar fata aiki ma an gwada, Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwajin CREOLE a ƙasashen Afirka 6, aka wallafa a 2019, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini. Amlodifin ɗin nan dai da ke kowane kemis.

Kwatanta da sababbin alluran Alzaima da ake ta yayatawa, irin lekanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, kuɗinsa na shekara a lokacin dala 26,500, rage gudun cutar kawai yake ba warkarwa ba, kuma wanda hotonsa ya nuna ɗigon jini da yawa a ƙwaƙwalwa ba a ma ba shi don yana iya jawo zubar jini. Wato ko mai kuɗin ne, in ya bari jijiyoyinsa suka lalace ƙofar a rufe take.

Matsalarmu ba rashin magani bace, maganganun da ke yawo a majalisa ne. "In ka fara ba ka dainawa." Eh haka ne, don hawan jinin ma ba ya dainawa. "Yana kashe ƙarfin namiji." Wasu nau'in na iya taɓawa, a faɗa wa likita ya canja, akwai iri da yawa, kuma hawan jinin da aka bari shi kansa yana kashe ƙarfin ta hanyar lalata jijiyoyi. "Ni zoɓo da tafarnuwa nake sha." Zoɓo marar suga na ɗan sauke jini, ban musa ba, amma wanda nasa ke 180 ba zoɓo ne zai dawo da shi ba. "Ai in ya tashi ina ji a keyata." Wallahi ba ka ji, na auna mutane suna dariya da 200. Ga gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa a tukunya ɗaya ga gishiri ga dunƙule ga kanwa, a zo ci kuma a barbaɗa yajin da shi ma gishiri da dunƙule ne rabinsa. Abin takaici mu mutanen Jos ba mu da uzuri ta wajen ganye, binciken SIREN ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar jiki, ga kabeji ga latas ga alayyafo a Farin Gada ana lodawa manyan motoci ana kai wa wasu jihohi, mu sai ranar suna ake yanka kabeji. Gwaten acca da ganye da iyayenmu ke yi ma yanzu yara na ganinsa abincin ƙauye.

Abu biyu da nake roƙon mutane su bari. Shan asfirin kullum ba tare da likita ya rubuta ba wai don jini ya tsinke, mai ɗigon jini a ƙwaƙwalwa wannan na iya zame masa masifa. Da kuma magungunan ciwon jiki irin diklofenak da ibufurofen da tsofaffinmu ke sha kamar goro saboda gwiwa, musamman lokacin sanyin nan namu, suna tada jini suna taɓa ƙoda. Mata kuma da suka taɓa yin hawan jini ko jijjiga lokacin ciki, kada a ce an haihu an gama, su ne ya kamata su fi kowa yawan awo har tsufa.

In kuma gigin ya riga ya fara, a kai asibiti, kada a zauna a ce tsufa ne. Akwai abubuwan da ke kama da shi kuma ana maganinsu, ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo da ya sa jiki sanyi, ciwon damuwa, jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan tsoho ya faɗi a bayi makonni da suka wuce kowa ya manta, da wata taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa da alamunta kusan ɗaya ne da na dattijon da na faɗa, tafiya da fitsari da tunani, ita kuma ana yi mata aiki. Ko ciwon jijiyoyin ne, abin da ya mutu ba ya dawowa amma ana iya rage gudun sauran. Na san ana kawo ayar da ta yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, tana cikin Suratun Nahli da Suratul Hajji, gaskiya ce, amma Manzon Allah (SAW) da kansa ya nemi tsari daga wannan hali a addu'arsa, abin da aka nemi tsari da shi kuwa ba a naɗe hannu a jira shi. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne tsohuwar da ta fita da asuba ta ɓata, aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, kafin kace me yara sun taru ana mayya ce. Irin wannan na faruwa a garuruwanmu, a cikin musulmi da kirista duka, kuma wadda ake jifa ɗin ƙila uwar wani ce da ba a taɓa auna jininta ba.

Roƙona gare ku Edita, ku ware ko rabin shafi ne lokaci-lokaci ku kira likitocin ƙwaƙwalwa da na zuciya su yi wannan bayani da Hausa, kuma in ranar hawan jini ta duniya ta zo 17 ga Mayu a haɗa ta da maganar mantuwa, kada a bar ta sai Satumba. Kwamitocin masallatai da coci-coci su sayi na'urar awo ko guda ɗaya ce, a samu ma'aikacin lafiya cikin jama'a ya zauna bayan Juma'a ko bayan sujada ranar Lahadi, duk wanda ya kai 40 a auna shi a rubuta masa a kati, wanda nasa ya kai 140 bisa 90 a awo biyu a ranaku daban a tura shi asibiti. Gwamnatin Filato ta tabbatar maganin hawan jini na cikin abin da ba ya yankewa a ƙananan asibitoci, a kuma ba ma'aikatan wurin horo da izinin bin ƙa'idar ƙara magani kamar yadda aka yi a Chaina. Abokan aikina masu miƙa sakamakon hoto kuma dan Allah a ɗauki minti biyar a zaunar da mai shi a faɗa masa matakin tabon nasa, a tambaye shi yaushe rabon da ya auna jini.

Na gode da fili.

Naku,
Ma'aikacin jinya kuma mai karatunku,
daga Unguwar Rogo, Jos, Jihar Filato.